Na tura CV fiye da sau ɗari biyu, shiru kake ji

Assalamu alaikum Anti. Na karanta aikin akanta, shekara biyu ke nan da gamawa. Na taɓa riƙe wa wani ƙaramin kamfani littattafan kuɗinsa na 'yan watanni kafin ya rufe. Tun daga lokacin kullum ina kan waya a LinkedIn da Indeed, duk tallan aikin da na gani sai na tura CV ɗina. Na tura ya fi sau ɗari biyu. Sau biyu kawai aka amsa mini, shi ma cewa aka yi an gode amma ba a ɗauke ni ba. Har na fara tunanin ko ni ce ban iya komai ba. Makon jiya wata mata ta yi mini magana a WhatsApp, ta ce kamfaninsu na ƙasar waje ya ga CV ɗina, sun ɗauke ni aiki daga gida, albashi da dala, amma sai na biya kuɗin rajista da na horo kafin Juma'a. Ƙawata kuma ta ce in bar ChatGPT ya riƙa rubuta mini komai, sannan in biya LinkedIn na masu kuɗi. Ina da ɗan abin da na tara. Ina ya kamata in sa shi?

Taki, mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bari mu fara da matar WhatsApp, tunda ita ce ta sa miki wa'adi. Kada ki tura mata ko sisi. Kada ki tura hoton katin shaidarki ko fasfonki, kada ki ba ta bayanan asusunki na banki, kuma in wata lamba ta shigo wayarki ta ce ki karanto mata, kada ki karanto. Damfara ce, ba sai na ji sunan kamfanin ba. An ɗauke ki ba a gan ki ba, ba a ji muryarki ba. Albashin ya fi ƙarfin aikin. An zo ta WhatsApp maimakon imel ɗin kamfani. An ce ki biya. Sannan an yanka miki rana don kada ki samu sukunin yin shawara da kowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A harkar ɗaukar aiki hanya ɗaya kuɗi ke bi, daga mai aikin zuwa ma'aikaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta rubuta haka a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta shekarar 1997, cewa kamfanonin da ke sama wa mutane aiki kada su karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci. Ba duk ƙasashe ne suka amince da ita ba, kuma ta bar 'yar ƙofa ga wasu rukunin ma'aikata, amma ƙa'idar ke nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana maƙala wa tallan guraben aikinta gargaɗin cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki, saboda yadda 'yan damfara suka mayar da sunanta abin fakewa.

Za ki ce ai ta san sunanki da abin da kika karanta. Dole ta sani mana. Kin watsa CV ɗinki wuri fiye da ɗari biyu da lambar wayarki a samansa, kuma cikin tallan da kika amsa ba za a rasa waɗanda ba a ɗora su don komai ba sai don tattara irin waɗannan bayanai.

Tunda lambarki ta shiga hannunsu, ki sa rai za su dawo da wata riga. Akwai masu cewa ki riƙa danna alamar so a bidiyon YouTube, ko ki riƙa ba otal-otal taurari, a biya ki. Ranar farko kuwa za su biya ki ɗan abu da gaske don ki saki jiki, daga nan sai a ce ki zuba naki kuɗin kafin a buɗe miki babban aiki, abin da kika zuba kuma ya tafi ke nan. Akwai masu cewa aikinki kawai ki karɓi kuɗi a asusunki, ki cire ladanki, ki tura sauran gaba. Wannan ya fi haɗari gare ki musamman: kuɗin sata ake wankewa ta hannunki, ranar da asiri ya tonu sunanki ne a takardar banki, akantar da aka taɓa samu da irin wannan kuwa ta yi sallama da sana'ar. Mafi muni su ne masu tikitin jirgi. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa ana kyautata zaton aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da wajen 100,000 a Kambodiya na tsare ana tilasta musu damfarar wasu ta intanet. Da yawansu masu ilimi ne, masu jin harsuna da kwamfuta, kuma tallan aiki mai tsoka ne ya kai su can.

Tantance talla ba ya cin minti goma. Ki duba abin da ke bayan alamar @ a imel ɗin da aka turo miki: babban kamfani ba ya ɗaukar ma'aikata da adireshin Gmail ko Yahoo, kuma 'yan damfara kan sauya harafi ɗaya a sunan kamfanin gaskiya, don haka ki karanta harafi-harafi. Kada ki bi mahaɗin da suka ba ki. Ki buɗe shafin kamfanin da kanki ki duba sashen guraben aiki, in gurbin ba ya can, ki kama kanki. In shafin ne kansa bai kwanta miki ba, ki sa adireshinsa a shafin bincike na ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, zai nuna miki ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ya ce ya shekara ashirin yana aiki amma shafinsa bai kai wata biyu ba ya ba ki amsa. Ita kuwa matar, ki ɗauki hoton hirarku, ki kai ƙararta ta cikin WhatsApp ɗin, ki toshe ta. Ba sai kin yi mata bayani ba.

Yanzu ga shirun nan da ya sa kike zargin kanki. Ba na jin an auna ki an ga ba ki iya ba. Abin da na fi zato shi ne mafi yawan takardun nan ɗari biyu babu ɗan Adam ɗin da ya zauna ya karanta su, kuma yadda kike turawa yana da hannu a ciki.

Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi ba sa karɓar takarda hannu da hannu. Tana faɗawa ne cikin wata manhaja ta tattara masu neman aiki, irin su Workday, Greenhouse, Lever ko Taleo. Manhajar ta karanta CV ɗin ta rarraba shi gida-gida: suna nan, makaranta nan, wuraren aiki nan. Sai jami'in ɗaukar ma'aikata ya zo ya tarar da ɗaruruwa sun taru. Ba zai karanta duka ba. Ko dai ya rubuta kalmar da yake nema ya ga waɗanda za su fito, ko ya fara daga waɗanda suka riga zuwa, da ya samu goma da suka yi masa sai ya tsaya. Akwai kuma tambayoyin nan na eh ko a'a da ake yi a ƙarshen fom, irin su ko kina da izinin aiki a ƙasa kaza, ko kina da shekara kaza a aiki. Su ne ainihin masu fitar da mutum ba tare da an gan shi ba, don haka ki daina amsa su a gurguje. Za ki ci karo da masu sayar da gyaran CV suna tsorata mutane cewa na'ura ce ke yaga takardu, sai an biya su sun sa sirri. Suna kambama abin ne don ciniki. Abin da ake buƙata za ki iya yin sa da kanki a yammaci ɗaya.

Na farko, CV ɗin ya zama mai karantuwa. Irin waɗanda ake ƙawatawa a manhajar zane ta Canva, masu shafi a rabe gida biyu, da zane-zane, da 'yan taurarin da ke nuna wai kin iya Excel huɗu cikin biyar, suna da kyau a ido amma wasu manhajojin kan cakuɗa su wajen karantawa. Ki yi naki a Word ko Google Docs, rubutu daga sama zuwa ƙasa, kanun sassa a fili, lambar waya da imel a cikin jikin takardar. Ga gwaji mai sauƙi: ki kwafe duk rubutun ki liƙa shi a Notepad ko wurin rubutu na wayarki. In ya fito a jere ana fahimta, to manhaja ma za ta fahimta. In ya hargitse, ko ya ƙi kwafuwa sam saboda hoto ne kika ɗauka, ga ɗaya daga cikin dalilan shirunki nan. Ki ajiye shi a PDF sai dai in tallan ya ce Word, ki sa wa fayil ɗin cikakken sunanki. A matakinki shafi ɗaya ya wadatar. Adireshin imel ɗin ma ya zama sunanki ne, in na yanzu laƙabin da ƙawaye ke kiran ki da shi ne, ki buɗe sabo. Batun hoto da ranar haihuwa ya danganta da inda kike nema: a Amurka da Ingila ba a sa su, a Jamus har yanzu da yawa suna sa hoto. Lambar katin shaida da cikakken adireshin gida kuwa ba su da wuri a CV ko'ina.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan nake so ki ɓata lokaci. 'Yan watannin da kika yi a ƙaramin kamfanin nan, waɗanda kika ambata a wasiƙarki da layi ɗaya sai ka ce abin kunya, su ne jarinki. Ina zargin a CV ɗin ma layi ɗaya kika ba su, wani abu mai kama da "na riƙe littattafan kuɗi". Duk wanda ya karanta akanta zai iya rubuta wannan. Ki zauna ki tuna abin da hannunki ya yi. Kin daidaita lissafin banki da na kamfani a ƙarshen wata? Albashin mutum nawa kika shirya? Kin bi basussukan da ke hannun abokan ciniki, nawa aka dawo da shi? Kin tarar da rasidai a buhu kin mayar da su jadawali a Excel? Kowanne layi ne guda, ya fara da abin da kika yi, ya ƙare da abin da ya haifar, da adadi in kina da shi, kuma adadin gaskiya, domin za a tambaye ki a kansa. Ƙaramin kamfani yana da wata fa'ida da babba ba shi da ita: mutum ɗaya ne ke taɓa komai. Rufewar kamfanin kuma ba laifinki ba ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Ki nemi mai kamfanin da kika yi wa aikin ki roƙe shi ya yarda a kira shi ya ba da shaida a kanki.

Sannan kowane talla yana da kalmominsa. In sun ce suna son mai iya QuickBooks ko Sage kuma kin iya, ki rubuta sunan yadda suka rubuta, kada ki ce "manhajojin lissafi" kawai, domin sunan jami'in zai sa a bincike. In ba ki iya ba kada ki sa. Dabarar nan ta kwafe tallan gaba ɗaya a liƙa a ƙasan CV da farin rubutu don kada ido ya gani, ki rabu da ita. Manhajar tana fito da rubutun tsirara a gaban jami'in, sai ki tashi daga wadda ba a sani ba ki koma wadda aka sani da ha'inci.

Kin ga ke nan CV ɗaya ba zai je wuri ɗari biyu ba. Zafin nema ba ya kawo samu. Maɓallin nan na LinkedIn da Indeed da ke ba ki damar nema da latsawa ɗaya ya sauƙaƙa miki, amma ya sauƙaƙa wa kowa, shi ya sa tallan da aka ɗora da safe kan tara ɗaruruwa kafin dare. Na fi son ki tura biyar a mako, kowanne kin karanta tallan sau biyu kin gyara takardarki dominsa, da ki tura hamsin a makance. Ki rubuta sunayen wurare goma sha biyar zuwa ashirin da kike son yi wa aiki kuma suke ɗaukar irinki, ki riƙa leƙa shafukansu kai tsaye. Indeed, tun kafa shi a 2004, babban aikinsa tattaro talla ne daga wasu shafuka, don haka wani tallan da kike gani an daɗe da cike gurbinsa. In kin ga wanda ya yi miki, ki bi shi zuwa shafin kamfanin ki nema a can. Ki kunna sanarwar sababbin gurabe ta kullum a kan sunan aiki biyu ko uku, ki tace sakamakon zuwa na awa 24 da suka wuce, domin a wannan harka riga zuwa yana da rana. Adadin masu nema da LinkedIn ke nunawa kada ya karya miki gwiwa: in tallan na kai mutum wani shafi ne, waɗanda suka danna maɓallin ake ƙirgawa, har da waɗanda suka leƙa suka fasa. Jerin sharuɗɗan ma ki karanta shi da hankali, ki raba dole da son samu. In kin cika na dole da galibin sauran, ki nema.

Google kansa kayan aiki ne in an iya tambayarsa. Sunan aikin da kika sa tsakanin alamun zance zai fito miki da shi daidai yadda kika rubuta. In kika ƙara site: haɗe da adireshin wani shafi, misali site:lever.co ko site:greenhouse.io, zai tsaya a cikin wannan shafin kaɗai, sai ki ga guraben da kamfanoni suka ɗora da kansu. In aikin ƙungiyoyin agaji na ranki, kuma kullum suna buƙatar masu lissafin kuɗi, ki duba ReliefWeb, wanda aka buɗe a 1996 kuma ofishin kula da ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, kyauta ne. Glassdoor kuma wurin jin abin da ma'aikata ke faɗi ne game da kamfaninsu ba tare da suna ba, har da tambayoyin da aka yi musu a intabiyu. Ki karanta da lura, wanda ya fita da fushi ya fi saurin rubutu.

Duk wannan gyaran hanya ne. Abin da na lura babu shi sam a wasiƙarki shi ne mutum. Kin ambaci shafuka, kin ambaci manhajoji, ba ki ambaci mutum ɗaya da kika yi wa magana a kan aiki ba, in ban da 'yar damfara da ƙawarki. Tura takarda inda ba ki san kowa ba kamar jefa guga rijiya ne ba igiya.

A 1973 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikata a garin Newton kusa da Boston. Cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani da suka sani, wajen kashi 17 cikin ɗari ne kawai suka ce mutumin na kusa ne da suke yawan gani. Sauran duk ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne ko da wuya. Dalilin a fili yake: aminanki abin da kika ji shi suka ji, wanda kuka yi nisa da shi kuwa yana yawo a inda ba ki zuwa. Mutanen da Granovetter ya tambaya ba su da yawa, shi ya sa aka daɗe ana muhawara. Sai a 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da masana daga Harvard da Stanford da MIT suka yi tare da LinkedIn a kan mutum fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar. Ya nuna cewa sanayya mai ɗan nisa, wadda ba aminci ba kuma ba baƙunta ba, ita ta fi kai mutum ga sabon aiki, musamman a sana'o'in da suka dogara da kwamfuta. A waɗanda ba su dogara da ita sosai ba, na kusa sun fi amfani. Don haka kada ki raina kowane ɓangare.

A nan LinkedIn yake da amfanin da ya fi maɓallin nema. Shafin ya fara aiki a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016, a 2023 ya haura mutum biliyan ɗaya. Cikinsu akwai waɗanda kuka zauna aji ɗaya, da waɗanda suka riga ki gamawa da shekara uku, da malamanki. Ki buɗe shafin makarantarku a can ki shiga sashen tsofaffin ɗalibai, za ki iya tace su da wurin aiki da irin aikin da suke yi. Ki haɗa wannan da jerin wurarenki ashirin, ki ga wa kike da shi a ina. Kafin ki yi wa kowa magana ki gyara naki shafin, don abin da zai fara yi ke nan, ya leƙa: hoto mai haske, layin da ke ƙarƙashin sunanki ya faɗi abin da kika iya maimakon "mai neman aiki", bayanan su yi daidai da na CV. Koren zoben nan da LinkedIn ya fito da shi a 2020, wanda ake sawa a jikin hoto don nuna ana neman aiki, tunda ba ki da wurin aikin da kike ɓoye wa, ki sa abinki.

Saƙon da za ki tura shi ne inda mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ki rubuta gaisuwa kaɗai ki zauna jiran amsa, kada kuma ki buɗe da "don Allah a taimaka mini da aiki", domin kin ɗora wa mutum nauyin da ba zai iya ɗauka ba, mafita mafi sauƙi gare shi ita ce ya yi shiru. Ki gaishe shi, ki faɗi abin da ya haɗa ku, ki yi tambaya ɗaya da zai iya amsawa cikin minti biyu. Misali: kin gama sashen da ya gama, kin ga yana sashen kuɗi a wuri kaza, kina shirin neman gurbin da suka tallata, me suka fi dubawa ga sabon shiga? Da yawa ba za su amsa ba, kada ki riƙe su a rai. Wanda ya amsa ki gode masa, ki yi abin da ya ce, ki dawo ki gaya masa kin yi. Sai bayan nan, in hira ta yi daɗi, za ki tambaya ko zai iya miƙa sunanki. Kamfanoni da yawa suna da tsarin da ma'aikaci ke gabatar da wanda ya sani, wasu har lada suke ba shi in an ɗauki mutumin, kuma takardar da ta shigo ta wannan ƙofa ana buɗe ta. Wannan ba neman alfarma ba ne. Za a yi miki intabiyu kamar kowa, bambancin kawai an karanta ki. Ki kuma gaya wa na kusa da ke takamaiman abin da kike nema. "Ina neman aiki" ba ya zama a kan kowa. "Ina neman aikin ƙaramar akanta, na iya shirya albashi da daidaita lissafin banki" yana zama. In kuma wani ya juya hirar aiki zuwa wata magana daban, ko ya ce ku haɗu a inda ba ofis ba, ki rufe hirar; ba ki rasa komai ba.

Shawarar ƙawarki rabinta daidai ne. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, jami'an ɗaukar ma'aikata suke shan wasiƙu masu kama da juna, sumul-sumul, ba kowa a ciki. In kika bar shi ya rubuta miki komai, kin shiga cikinsu. Ga shi kuma yana ƙaga abin da babu: zai iya ba ki ƙwarewar da ba ki da ita, ki je intabiyu a tambaye ki ki yi tsuru-tsuru. Ki rubuta naki da kanki, ko da bai yi kyau ba, sannan ki ba shi ya gyara nahawu ya rage tsawo. Ki liƙa masa talla da CV ɗinki, bayan kin cire lambar waya da adireshi, ki ce ya nuna miki abin da tallan ke nema wanda ba ki ambata ba. Inda ya fi amfani shi ne atisaye: ki ce ya zama mai intabiyu ya yi miki tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ki riƙa amsawa da baki, da ƙarfi, ba a zuci ba.

LinkedIn na masu kuɗi kuwa ba ki buƙatarsa yanzu. Duk abin da na lissafa ana yin sa a na kyauta.

Abin da kika tara ki bar mafi yawansa inda yake, zai yi miki data da kuɗin zuwa intabiyu, kuma mai ɗan abu a hannu ba ya karɓar aikin wulaƙanci don dole. In za ki kashe wani abu, ki buɗe talla goma na aikin da kike so ki ga wace ƙwarewa ce ke ta maimaituwa wadda ba ki da ita, ki koyi ita kaɗai. Microsoft yana da darussan Excel kyauta a shafinsa, shafin karatu ta intanet na Coursera yana karɓar buƙatar tallafi daga wanda ba shi da halin biya a kwasa-kwasai da yawa, edX da Harvard da MIT suka kafa a 2012 yana barin a bi darussa da yawa ba tare da biya ba in ba a son takardar shaida. Kada ki zama mai tara satifiket. Ɗaya da kika iya abin da ke cikinsa ya fi goma. Kuma shekara biyun nan tana buƙatar abin da zai cike ta a takarda. Ki nemi wani mai ƙaramar sana'a ko wata ƙungiya ki tsara musu lissafinsu na wata uku, ko da ɗan abin da za su ba ki bai taka kara ya karya ba, ki rubuta shi a CV da kwanan wata. Upwork da Fiverr, shafukan da ake samun ƙananan ayyukan kwangila ta intanet, suna nan, amma gasar tana da zafi ga sabon shiga kuma suna cire kasonsu. Ki bar su zuwa gaba.

In an kira ki intabiyu ta Zoom, Teams ko Google Meet, ki gwada manhajar kwana ɗaya kafin ranar, ki tabbatar da bambancin agogo in daga wata ƙasa ne, haske ya kasance a gabanki, wayar ko kwamfutar ta tsaya daidai idonki, ki tanadi hanyar intanet ta biyu. Ki shirya labarai uku daga aikinki na baya, kowanne da halin da aka shiga, abin da kika yi, da yadda ya ƙare. Yawancin tambayoyi ɗaya daga cikin ukun zai amsa su. Ki riƙa leƙa akwatin tarkacen imel ɗinki kullum, gayyata kan faɗa can.

Daga yau ki buɗe jadawali a Google Sheets: sunan wuri, sunan aiki, ranar da kika nema, wanda kika yi wa magana a can, da abin da ya biyo baya. Ki kwafe tallan ma ki ajiye, don sukan sauke shi kafin su kira mutum. Bayan mako ɗaya ko biyu ba amsa, ki tura gajeren saƙon tuni sau ɗaya, ki wuce. Ki ware wa neman awa biyu ko uku a rana ki ajiye wayar, kwana a kanta ba ya ƙara komai sai ciwon kai. In kin yi nema ashirin irin wanda na kwatanta, ki duba jadawalin. Ba a kira ki ko sau ɗaya ba, to matsalar tana CV ko a irin guraben da kike zaɓa, ki ba wani da ke aikin akanta ya duba miki su. Ana kira amma ba a ɗauka, to takardar ta yi aikinta, intabiyu ne ke son gyara, kuma kina iya tambayar wanda ya yi miki shi cikin ladabi abin da ya ga ya rage.